MICHAEL FARADAY, ƊAN MAƘERIN DA YA LURA DA MOTSIN ALLURA

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Danja da kaka ya san rabin hayaniyar da a ke yi cikinta a kan awo a ke yinta. Mai masara yana tsaye yana duban yadda mai awo ke cika tiya, mai auduga ya zuba wa allurar sikeli ido, mai sayen yadi kuwa ba ya yarda sai an sake gwadawa a gabansa. Kakanninmu da gaɓoɓin jikinsu su ke awo, watau ɗani da kamu da gaba da taku. Da Turawa suka zo suka kawo inci da ƙafa da yadi, daga baya cikin shekarun 1970 ƙasar nan ta koma kan mita. Duk waɗannan ido na iya ganinsu, mai gardama kuma ya iya sa hannu ya gwada.

Amma akwai wani irin awo wanda ya fi ƙarfin ido. Injin ban-ruwan da ke kuka a fadamun Danja da rani, wanda rake da tumatir ke sha ta dalilinsa, yana da fistin mai kai da komo cikin silinda. Tazarar da ke tsakaninsu sau da yawa ba ta kai kaurin gashin kai guda ba. In ta yi yawa injin ya sha mai ya yi hayaƙi ya rasa ƙarfi, in ta gaza ya yi zafi ya cije. Masu ƙera irin waɗannan abubuwa da maikuron su ke lissafi, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Inci guda maikuron 25,400 ne, gashin kan mutum kuwa wajen 70. To, da me a ke auna abin da ido ba ya gani? Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin ita ce ta naɗaɗɗiyar waya da ɗan guntun ƙarfe, kuma asalinta yana komawa ga wani mutumin Ingila mai suna Michael Faraday. Labarinsa mu ke so mu kawo wa malaman makaranta da akawuna, don muna ganin ya shafe su.

ASALINSA

An haifi Faraday ran 22 ga Satumba 1791 a wata unguwa da a ke kira Newington Butts, kudu da kogin da ya ratsa birnin Landan. Ubansa James maƙeri ne, ya taso daga arewacin Ingila neman abinci, ga shi kuwa ba shi da cikakkiyar lafiya, ya kan yi kwanaki bai hura wuta a maƙera ba. Uwarsa Margaret 'yar manoma ce. Su huɗu aka haifa, shi ne na uku. A shekarar 1801 da abinci ya yi tsada ƙwarai, har ta kai a kan ba yaron burodi guda a ce ya yi mako da shi. Karatun da ya samu a makaranta bai wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi ba, irin wanda yaranmu ke samu a ƙananan azuzuwan firamare.

A 1804, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, aka kai yaron nan wajen wani mai shagon littattafai, George Riebau, ya zama yaron aike mai raba jaridu. Da maigidan ya ga hankalinsa, sai a 1805 ya ɗauke shi koyon sana'ar ɗinkin littattafai da yi musu bango, na shekara bakwai. Yawancin masu wannan sana'a bangon kaɗai ya dame su. Shi kuwa Faraday in an kawo littafi ya kan buɗe ya karanta kafin ya ɗinke. Ta haka ya ci karo da babin da ya yi bayanin lantarki cikin babban kundin ilmin nan na Britannica, da wani littafi mai sauƙi a kan ilmin haɗa magunguna wanda wata mace, Jane Marcet, ta rubuta. Abin da ya bambanta shi da sauran masu son karatu shi ne, ba ya karɓar magana don kawai ya gan ta a rubuce. Da 'yan kwabban da ya samu ya kan sayi kwalba da waya da gutsattsarin ƙarfe, ya gwada abin da littafin ya faɗa ya ga ko haka ne.

Ubansa ya rasu a 1810. A wannan lokaci wansa Robert, wanda ya gaji ƙira, shi ke ba shi sule guda ya biya ya shiga laccar da wani mai suna John Tatum ke yi da dare a gidansa. Ya kamata mu riƙe wannan, domin da wan ya hana sulen nan, wataƙila da labarin ya tsaya nan.

BARANTAKA A GIDAN MASANA

A 1812 wani mai sayen littattafai a shagon ya ba shi tikitin shiga laccoci huɗu na Humphry Davy, wanda a zamanin nan babu masanin haɗa magunguna da ya kai shi suna a Ingila. A wani gidan bincike da a ke kira Royal Institution a ke yin laccocin. Faraday ya zauna ya rubuta duk abin da ya ji, ya koma gida ya sake kwafewa da kyakkyawan rubutu tare da zane, ya ɗinke ya zama littafi mai shafi wajen 300, ya aika wa Davy tare da roƙon aiki. Ran 1 ga Maris 1813 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje. Aikinsa wanke kwalabe da share ɗaki da ɗaukar kaya, albashinsa a mako fam guda da 'yan sulalla, da ɗakin kwana a saman bene.

A watan Oktoba na shekarar nan Davy ya tashi rangadin ƙasashen Turai, ya tafi da shi, ba su komo ba sai Afrilu 1815. Baran Davy ya ƙi tafiya, saboda haka aka ɗora wa Faraday aikin bara a kan nasa. Matar Davy ta raina shi ƙwarai, ta kan hana shi cin abinci tare da su, har ya yi niyyar ya bar aikin ya koma ɗinkin littafi. Ya daure. A cikin tafiyar ya ga Ampère a birnin Faris, ya ga Volta a Italiya, mutumin da ya fara haɗa batir a 1800. Wannan rangadi shi ya zamar masa jami'a.

A 1820 wani malami a ƙasar Danmak, Oersted, ya gano cewa in lantarki na bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa da ita ta kan karkata. Watau lantarki na haifar da ƙarfin maganaɗisu. Cikin Satumba 1821 Faraday ya haɗa wani ɗan abu wanda waya ke kewaya maganaɗisu ba tsayawa muddin batir na aiki, kuma wannan shi ne kakan duk wata mota ta lantarki da ke juya fanka ko injin niƙa. Abin ya jawo masa suna, ya kuma jawo masa baƙin jini. Aka yi ta raɗe-raɗin wai ya ɗauki dabarar wani babban masani, Wollaston, bai ambace shi ba. Da aka kawo sunansa don shiga jam'iyyar manyan masanan Ingila, watau Royal Society, maigidansa Davy da kansa ya yi ƙoƙarin hanawa. Duk da haka aka zaɓe shi a 1824. Bai rama ba, har ƙarshen ransa yana girmama Davy. A 1821 ɗin nan kuma ya auri Sarah Barnard, suka zauna shekara 46, ba su sami haihuwa ba.

ZOBEN ƘARFE NA 1831

Tun da Oersted ya yi bayaninsa masana suka shiga tambayar kansu: in lantarki na haifar da maganaɗisu, ashe maganaɗisu ba zai haifar da lantarki ba? Mutane da yawa suka gwada suka kasa, har da Faraday, wanda ya gwada fiye da sau ɗaya cikin shekarun 1820 ya rubuta a littafinsa cewa bai ga kome ba. Kuskurensu ɗaya ne. Su kan ajiye maganaɗisu kusa da waya, su jira allurar ma'aunin lantarki ta karkata ta tsaya a karkace. Wani mutumin Janiba, Colladon, ya kai allurarsa wani ɗaki dabam don kada maganaɗisun ya dame ta. Ya kan cusa maganaɗisu cikin naɗin waya, sa'an nan ya taka zuwa ɗakin ya duba, ya tarar allura na zaune inda ya bar ta. Abin da ya ke nema yana faruwa ne sa'ad da ya ke kan hanya tsakanin ɗakunan biyu.

Ran 29 ga Agusta 1831, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato da Ummarun Dallaje a Katsina, Faraday ya ɗauki wani zoben baƙin ƙarfe mai faɗin inci shida. Ya naɗa wayar jan ƙarfe a gefe guda, ya naɗa wata dabam a ɗaya gefen, ba su taɓa juna ba. A zamanin nan waya ba ta da rigar roba, saboda haka da igiya da ƙyallen akoko ya raba tsakanin naɗi da naɗi. Ya ja bakin waya ta biyu ta bi ta kan wata allurar maganaɗisu mai nisan ƙafa uku daga zoben. Da ya haɗa ta farko da batir, sai allura ta yi firgigit ta kaɗa, ta yi lilo, ta koma mazauninta, alhali kuwa batir na nan a haɗe. Da ya cire batir sai ta sake kaɗawa, amma ta ɗaya gefen.

Wani da ya ce hannunsa ne ya girgiza tebur. Faraday ya rubuta abin yadda ya gan shi, ya sake gwadawa, ya sake. Ran 17 ga Oktoba ya ajiye batir gefe, ya ɗauki sandar maganaɗisu ya cusa cikin naɗin waya, allura ta kaɗa; ya bar ta ciki, allura ta kwanta; ya zare, ta kaɗa baya. Ran 28 ga watan ya juya faifan jan ƙarfe a tsakanin bakunan wani ƙaton maganaɗisu, ya sami lantarki mai gudana ba yankewa. Ran 24 ga Nuwamba aka karanta bayaninsa a gaban jam'iyyar masana.

Ga abin da ya gano a taƙaice. Kowane maganaɗisu yana da wasu layukan ƙarfi da ke fita daga wannan baki su kewaya su shiga wancan, waɗanda a kan gani in an barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda aka sa maganaɗisu ƙarƙashinta. Muddin yawan layukan da ke ratsa naɗin waya bai sake ba, babu lantarki. Da zarar sun ƙaru ko sun ragu sai lantarki ya taso, kuma ƙarfinsa gwargwadon saurin sakewar da yawan naɗin ne. Wani Ba'amurke, Joseph Henry, ya gano irin wannan a nasa ɓangaren, amma bai buga ba sai 1832. Zoben nan shi ne taransifoma ta farko, yana nan ajiye a Landan har yau. Faifan kuwa shi ne janareta na farko, kuma bisa ƙa'idarsa ne injunan madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, ke ba da wuta.

YADDA MOTSIN ALLURA YA ZAMA MA'AUNI

Kowa ya san an sami wutar lantarki daga wannan bincike. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne an sami ma'auni. Tun da ya ke naɗin waya na jin kowace irin sakewa ta layukan maganaɗisu, to, in aka shirya shi yadda gusawar wani abu za ta sake yawan layukan, ai ke nan lantarkin da ya fito zai ba da labarin gusawar.

Wanda aka fi amfani da shi wajen awo mai tsanani shi ne wanda injiniyoyi ke taƙaita sunansa da haruffan LVDT. Wani Ba'amurke, George Hoadley, ya sami takardar mallakar dabararsa a 1940, wani kuma mai suna Herman Schaevitz ya bayyana shi ya yaɗa shi daga 1946. Siffarsa kamar ɗan bututu ne, wani bai fi alƙalami kauri ba. An naɗa waya uku a jikinsa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. A cikin ramin bututun akwai ɗan guntun ƙarfe, gamin baƙin ƙarfe da nikel, wanda ke zamewa gaba da baya ba tare da ya taɓa wayoyin ba. An haɗa shi da wani tsinke mai ɗan dunƙule a baki, shi ne ke dafa abin da a ke aunawa.

A kan ba naɗin tsakiya lantarki mai kai da komo. Wutar gidajenmu sau 50 ta ke kai da komo a sakan guda, ta wannan ma'auni kuwa sau dubbai. Dalili shi ne abin da Faraday ya gani: in lantarkin ya tsaya cik allura ta kan kwanta, amma in yana sakewa kullum, naɗin dama da na hagu za su yi ta samun rabonsu ba yankewa. Guntun ƙarfen nan shi ne hanyar da layukan maganaɗisu suka fi son bi, kamar yadda ruwa ke bin kwari. An kuma haɗa naɗin dama da na hagu baya da baya, don abin da zai fito ya zama bambancin da ke tsakaninsu.

Mu ɗauke su kamar farantan sikeli biyu. In ƙarfen na tsakiya daidai, kowane gefe ya sami rabo ɗaya, bambanci ya zama sifiri. In ya gusa dama kaɗan, na dama ya rinjaya, bambanci ya bayyana. In gusawar ta ninka, bambancin ya ninka, muddin ba a wuce iyakar da aka yi ma'aunin dominta ba. Sauran sanin ko wane gefe ya nufa. Ku tuna mata biyu masu daka a turmi guda: ko dai taɓarensu su sauka tare, ko kuwa wannan na sauka wancan na tashi. Haka lantarkin da ya fito ya ke da na naɗin tsakiya. In suna tafiya tare an gusa wannan gefe, in suna saɓawa an gusa wancan. Wata 'yar na'ura ta karɓi wannan duka ta ƙara masa ƙarfi, ta mai da shi lamba a kan allo.

Amfanin wannan shiri a fili ya ke. Tun da ƙarfen ba ya gogar waya, babu abin da zai cinye. Ba shi da haƙora ko tsaga-tsaga irin na rula, saboda haka kome ƙanƙantar gusawa sai ta sake lantarkin. Iyakarsa ita ce iyakar na'urar da ke karantawa, kuma masu kyau su kan rarrabe abin da bai kai maikuron guda ba. Ga shi kuma a kan rufe wayoyin ruf, mai ko ƙura ko ruwa ba su shiga. Don haka a ke sa shi a jiragen sama ya faɗi inda fiffiken juyawa ya ke, da jikin gadoji da madatsun ruwa ya faɗi ko tsaga na ƙara buɗewa, da wasu injunan kaɗi inda ya ke jin kaurin audugar da ke wucewa tsakanin ƙarafa biyu don zare ya fito bai ɗaya. Manomin da ya kai audugarsa magurza a Funtuwa ko Malumfashi, mai yiwuwa ne ta bi ta ƙarƙashin irin wannan ma'auni kafin ta zama yadi.

Sai dai a lura, ma'aunin nan bai san tsawon kome ba, gusawa kaɗai ya sani. Saboda haka mai awo ya kan fara ɗora tsinken a kan wani ɗan tubalin ƙarfe wanda aka tabbatar da kaurinsa, irin waɗanda wani mutumin Siwidin, Johansson, ya fito da su wajen 1900, ya mai da lamba sifiri. Sa'an nan ya zare tubalin ya sa abin da aka ƙera, ya karanta yawan abin da ya ɗara ko ya gaza. In tubalin ƙarya ne, duk awon ranar ƙarya ne, kamar dai tiyar da aka bubbuga gindinta. Zafi ma abokin gaba ne. Sandar ƙarfen inji mai tsawon mita guda ta kan ƙaru da maikuron 11 ko 12 in zafi ya hau da digiri ɗaya. Shi ya sa tun 1931 ƙasashe suka yarda a riƙa yin awo mai tsanani a kan digiri 20. Sandar da aka auna a ɗaki mai sanyi, in aka fito da ita cikin zafin bazara na digiri 40, ta ƙaru da wajen maikuron 230, kaurin gashi uku ke nan.

Akwai wani iri kuma wanda ba ya ko taɓa abin da ya ke aunawa. Naɗi guda ne a bakin ɗan sanda, a ba shi lantarki mai kai da komo sau dubu ɗaruruwa a sakan. In ya kusanci ƙarfe sai lantarki ya taso cikin ƙarfen yana kewaya kamar 'yar guguwa, ya haifar da nasa maganaɗisu mai ture na naɗin. Gwargwadon kusanci, gwargwadon turewa, daga nan a san tazara. Da irinsa a ke tsaron manyan injunan ba da wuta, a ji ko sandar da ke juyawa ta fara rawa tun ba ta yi ɓarna ba. Aibinsa shi ne kowane irin ƙarfe da yadda ya ke amsawa, sai an daidaita shi da irin wanda za a auna. Sandar da masu gadi ke shafa wa mutane a ƙofar banki 'yar'uwarsa ce. Haka kuma ɗan koyil ɗin da ke gefen maganeton babur: duk sa'ad da wani ɗan tudu na ƙarfe ya gifta gabansa sai lantarki ya yi tsalle, ta haka a ke sanin fistin ya iso inda fulogi zai ba da wuta. Ashe duk mai babur a Danja yana yawo da gwajin 1831 a ƙarƙashinsa.

SAURAN RAYUWARSA

Faraday bai tsaya nan ba. Tun 1825 ya gano sinadarin benzin, a 1833 da 1834 ya fito da ƙa'idodin yadda lantarki ke raba sinadarai, a 1845 ya nuna maganaɗisu na iya murɗa haske. Daga 1836 ya yi kusan shekara talatin yana ba hukumar fitilun bakin teku shawara, yana hawa hasumiyoyi har da tsufansa. A 1844 da ramin kwal na Haswell ya fashe ya kashe mutum 95, shi da Charles Lyell aka aika bincike, suka nuna ƙurar kwal ta ƙara wa wutar ƙarfi. Ya kuma yi wa yara laccar ƙarshen shekara har sau 19, ɗaya a kan kyandir kaɗai.

Lissafinsa bai yi zurfi ba har ya mutu, saboda haka waɗansu masana suka ɗauki maganar layukan ƙarfi tatsuniyar wanda bai yi makaranta ba. Sai da wani saurayi ɗan Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya zo daga 1855 ya zuba maganar cikin lissafi, aka ga ashe tsohon ya yi daidai. A kan wannan lissafi aka gina rediyo da wayar hannu.

Da ya so dukiya da ya tara, gama masu masana'antu na biyansa kuɗi mai yawa don ya gwada musu kaya, amma bayan 1831 ya janye daga yawancin wannan don ya sami lokacin bincike. Shi mabiyin wata 'yar ƙaramar ɗariƙar Kirista ne mai ƙyamar tara abin duniya. Sau biyu aka nemi ya shugabanci jam'iyyar masana ya ƙi. Lokacin yaƙin Kirimiya gwamnati ta nemi taimakonsa a kan yin iska mai guba, ya ƙi sa hannu. Daga 1839 mantuwa ta fara damunsa, har ya yi shekaru bai iya aiki sosai ba, kuma wannan ya ƙara sa shi dogara ga rubutu. Littattafan gwajinsa ya sa wa kowane sakin layi lamba, daga 1832 zuwa 1860 lambar ta haura 16,000, wanda ya yi nasara da wanda ya faɗi duk suna ciki. A 1858 Sarauniya Biktoriya ta ba shi gida a Hampton Court. A nan ya rasu ran 25 ga Agusta 1867, yana da shekara 75. Ya riga ya ƙi a binne shi cikin sarakuna da manya a Westminster, saboda haka aka kai shi maƙabartar Highgate.

ABIN DA YA SHAFE MU

Mun taɓa zuwa rangadi wata makaranta ranar Laraba, muka buɗe rajista muka tarar an riga an kira sunan yara har na Juma'a, kowa ya zo. A wata kuma muka ga littafin gwajin kimiyya na yara talatin, lambobinsu duk iri ɗaya, daidai da na littafin malam, ga kayan gwajin kuwa a kulle cikin kabad da ƙurarsu. Wanda ya saba rubuta abin da ya kamata ya gani maimakon abin da ya gani, ko allura ta kaɗa a gabansa ba zai lura ba. Haka akawun da ke cika lissafi da ƙiyasi. Wanda zai zo bayansa da wannan lissafi zai daidaita nasa, kamar mai awo da tubalinsa, kuskuren kuma ya yi ta haihuwa.

Gwajin Faraday bai fi ƙarfin kowace makaranta a ƙasar Danja ba. A nemi siririyar waya daga ƙonannen koyil wajen masu gyaran fanka, da maganaɗisu daga tsohuwar lasifikar rediyo, da kamfas. A naɗa waya sau hamsin a kewaye da kamfas ɗin, a juya shi har allura ta yi daidai da naɗin. A yi wani naɗi na ɗari biyu ko uku a jikin gwangwanin kwali, a kankare bakunan wayoyin a haɗa su, a nisanta biyun da kamar taku uku. Yaro guda ya kusantar da maganaɗisu da sauri, sauran su zuba wa allura ido. Kada malam ya faɗa musu abin da za su gani. Ya bar kowa ya rubuta nasa, har da wanda bai ga kome ba, sa'an nan a sake.

In an yi haka, malam ya lura da yaron da ya ƙi tashi bayan an kaɗa ƙararrawa, yana so ya sake gwadawa. Mai yiwuwa ɗan maƙeri ne ko ɗan mai gyaran babur, mai yiwuwa kuma ana shirin cire shi daga makaranta bana saboda kuɗin littafi. Faraday ya sami Riebau da ya bar shi ya karanta, ya sami wa da ya ba shi sule. Wannan yaron, malaminsa ya kamata ya taka har gida ya yi magana da uban tun kaka ba ta wuce ba.